Romon Baka: Alkawuran Aiki da Ƙuri'ar Zango

Ranar Laraba, 12 ga Nuwamba, 2025, tun kafin gari ya waye dubban matasa suka yi dafifi a ƙofar filin wasa na El-Wak da ke Ankara, kowa riƙe da takardunsa, suna jiran a tantance masu neman shiga aikin soja. Kafin hantsi ya dubi ludayi an yi turmutsitsi, 'yan mata shida sun riga mu gidan gaskiya, an kwashi wasu da dama zuwa asibitin soja na 37. Hukuma ta ce matasan ne suka ƙetare dokar tsaro suka danno ƙofa gaba ɗaya. Mun ji, Allah ya ba iyayensu haƙuri. Amma ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya baro gida tsakar dare ya kwana a tsaye bakin ƙofa ba rashin tarbiyya ya kawo shi ba. Ya san cewa in ƙofar nan ta rufe bai shiga ba, babu wata da za a buɗe masa. Abin da ya kamata a bincika shi ne yadda aka yi ƙasar da kowace safiya jaridunta ke shelar dubban guraben aiki ta wayi gari 'ya'yanta na tattake juna saboda gurbi guda.

Mu 'yan zango muna da haƙƙin yin wannan tambaya da babbar murya, domin a kasuwar alkawarin aiki babu wanda aka fi yi wa ciniki irinmu, babu kuma wanda aka fi barin sa hannu rabbana idan kasuwa ta watse.

Duk mai sauraron rediyo a ƙasar nan ya haddace yadda abin ke tafiya. Shekarar zaɓe na ƙaratowa sai lambobi su fara zuba kamar ruwan Agusta: dubu ɗari, dubu ɗari biyar, miliyan guda. A kafa rumfa, a buga riguna, a kira makaɗa, a jera matasa su yi tafi, shugaba ya yanke ƙyalle. Washegari hoton na shafin farko. Shekara biyu bayan nan, matasan da suka yi tafin su ne ke zanga-zanga a kan titi suna neman bashin alawus ɗinsu, labarinsu kuwa sai an lalubo shi can ciki kusa da tallan magani. Giwa ta yi mana haka, Laima ma ta yi. Wanda ya zo karanta wannan rubutu don ya ji mun zagi jam'iyyar da ba tasa ba, to ya gyara zama, domin tasa ma na cikin buhun.

A shekarar 2006 gwamnatin Kufuor ta kafa shirin samar wa matasa aiki na ƙasa, wanda aka fi sani da NYEP. A 2012, zamanin NDC, aka sauya masa suna ya koma GYEEDA. Shekara guda bayan haka ɗan jarida Manasseh Azure Awuni ya bankaɗo yadda aka mayar da hukumar saniyar tatsa, ana biyan kamfanoni maƙudan kuɗi kan ayyukan da ba a gani a ƙasa ba. A watan Fabrairun 2018 kotu ta ɗaure tsohon shugaban shirin, Abuga Pele, shekara shida, ta ɗaure ɗan kasuwa Philip Assibit shekara goma sha biyu. Kafin nan, a 2015, an riga an sake yi wa hukumar wanka da doka, aka raɗa mata suna YEA. Suna uku cikin shekara tara, kamar yaron da ake ta sauya wa suna don ciwo ya ɓace masa, ciwon kuwa yana nan daram.

Sai babban biki, wato NABCO. A watan Mayun 2018 Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da shi: matasa 100,000 da suka gama manyan makarantu, alawus sidi 700 kowane wata, tsawon shekara uku, a rarraba su fannoni bakwai, daga koyarwa da kiwon lafiya da noma zuwa tara haraji da aikin kwamfuta. Adalci ya sa mu faɗa: shirin ya rufa wa wasu asiri na ɗan lokaci, akwai gidajen da sidi 700 ɗin nan ya ɗora musu tukunya. To amma an gabatar da shi a matsayin gada zuwa aiki na dindindin, gadar kuwa a tsakiyar kogi ta ƙare. A watan Oktoban 2021 ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya tsaya gaban ɗaliban da ke karɓar digiri ya shaida musu cewa jerin masu cin albashin gwamnati ya cika, su nemi sana'ar kansu. A watan Satumban 2022 aka rufe NABCO, mahalartansa na bin bashin watanni da dama. A ƙarshen wannan shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, ƙasa ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, aka sanar da tsayar da ɗaukar sababbin ma'aikata, aka nufi Asusun Lamuni na Duniya neman dala biliyan 3. Amma ko a cikin wannan yanayi bakin alkawari bai mutu ba: kasafin 2022 ya zo da YouStart da zancen aiki miliyan guda.

Abin da ba a cika faɗa ba game da NABCO shi ne ƙofarsa ma ba tamu ba ce. Sai mai takardar babbar makaranta ke shiga. Yaron Nima da ya tsaya a sakandare, da na Aboabo da ya koyi walda, da yarinyar Sabon Zango da ta iya ɗinki, duk ba su cikin lissafin, sai dai a ranar ƙaddamarwa da ake bukatar masu cika kujeru.

A zaɓen 7 ga Disamba, 2024, kowane ɓangare ya zo da nasa miliyan. Dokta Bawumia ya ce zai horar da matasa miliyan guda kan fasahar zamani. John Mahama ya zo da nasa masu koyon rubuta manhajar kwamfuta miliyan guda, sannan ga babban taken da ya ci kasuwa, tattalin arzikin awa 24: aiki guda, mutum uku, karɓa-karɓa sau uku a yini. Lissafin na da daɗin ji. Sai dai masana'anta ba ta kwana tana aiki don gwamnati ta so. Tana kwana ne idan akwai mai sayen abin da take sarrafawa, akwai wutar lantarki mai araha wadda ba ta ɗaukewa, akwai kuma bashin banki da ribarsa ba ta yanka wuya. Idan kayan da aka yi da rana ma suna jibge a sito ba mai saye, wa za a ɗauka aikin dare? Kuma a bari mu ɗan yi murmushi: tattalin arzikin awa 24 ai a zango aka haife shi. Mai shayi ba ya tashi sai asuba, maigadi ido biyu yake kwana, mai wake da shinkafa ta hura wuta tun ƙarfe uku na dare, mahauci ya isa kwata kafin kiran salla, direban babbar mota ya taso daga Tema ya ratsa Paga ya nufi Wagadugu ko Yamai bai runtsa ba. Shekara da shekaru muna wannan aiki ba wanda ya kafa mana rumfa, ba kuma wanda ya ce ga rancen da za ku faɗaɗa.

Da zaɓe ya wuce kuma sai aka nuna mana ainihin darajar takardar ɗaukar aiki a ƙasar nan. Gwamnati mai barin gado ta yi ta cusa mutane a ma'aikatu bayan ta sha kaye, kamar yadda aka yi ta cece-kuce kan naɗe-naɗen ƙarshen 2016. Sabuwa ta hau ranar 7 ga Janairu, 2025, a watan Fabrairu kuma shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Julius Debrah, ya ba da umarnin soke ɗaukar aikin da aka yi bayan ranar zaɓe ba bisa ƙa'ida ba. Manyan giwaye biyu suka yi kokawa, ciyawa ta sha taka. Matashin da ya karɓi takarda a Disamba, ya kai wa mahaifiyarsa ta sa albarka, wataƙila har ya kai kuɗin gaisuwa gidan surukai, ya wayi gari a Fabrairu babu komai. Darasin da aka koya masa shi ne aikin gwamnati ganima ce ta jam'iyya, yana zuwa da ita, yana tafiya da ita. Daga nan kada wani ya yi mamaki idan matashin nan ya ɗauki zaɓe a matsayin yaƙi.

Akwai wani ciniki kuma da ake yi da rana tsaka, wato sayar wa marasa aiki takardar neman aiki. A farkon 2018 hukumar shige da fice ta nemi mutum 500. Sama da 84,000 suka nema, kowanne ya biya sidi 50. Ku buga lissafin da kanku: fiye da sidi miliyan 4 daga aljihun waɗanda ba su da albashi, gurbi guda ga kowane mutum 168. Ko mai caca ya fi wannan tausayi, don shi aƙalla ba ya sa ka tsayuwa cikin rana. Maƙwabtanmu na Najeriya sun riga mu ganin ƙarshen wannan hanya: ranar 15 ga Maris, 2014, an tara masu neman aikin shige da fice a filayen wasa, kowa ya biya naira 1,000, mutane fiye da goma suka mutu a turmutsitsi a Abuja da wasu garuruwa. Shekara goma sha ɗaya ke nan tsakanin Abuja da El-Wak, isasshen lokaci ga mai son ɗaukar darasi.

Ko a cikin 'yan guraben da suka rage, nawa ne ke isa ga wanda ya bi layi? Kowa a ƙasar nan ya san kalmar furotokol, har yaran firamare. Ita ce jerin sunayen da ke zuwa ta ƙofar baya: na ɗan majalisa, na minista, na shugaban jam'iyya a mazaɓa, na sarki, na mai ɗakin wani babba. Hukumomi kan musanta, 'yan siyasa kuwa kan hau dandamali su yi alfahari da yawan 'yan mazaɓarsu da suka shigar soja da 'yan sanda da kashe gobara. To, ɗaya daga cikinsu bai faɗi gaskiya ba. Kuma inda ƙofar baya ta zama hanya, nan 'yan damfara ke kafa shago. A farkon 2015 matasa da yawa suka hallara makarantun horar da 'yan sanda da akwatunansu, riƙe da takardun ɗauka na jabu waɗanda suka biya kuɗi mai yawa kafin su samu. Ba wauta ta kai su ba. Sun yarda ne domin sun sha ganin wanda ya biya ya shiga.

Yanzu mu dawo gida, inda gizo ke saƙa.

A wannan rabo na bayan fage, me ake ware wa ɗan zango? Kowa ya san amsa ko da bai so ya furta ba. Idan ana neman akanta ko injiniya ko jami'in kwastan, ba a cika tunawa da hanyar Mamobi ko Asawase ba. Idan ana neman ƙarti masu faɗin ƙirji da za su yi wa ɗan takara rakiya, su tsare akwati, su tarwatsa taron abokin hamayya, sai a ga manyan motoci masu baƙin gilashi sun faka a bakin majalisar samari da daddare. Alkawarin da ake yi musu guda ne: in mun ci, za a sa ka a tsaron ƙasa. An ci, an rantsar, waya ta daina shiga. Sai a bar su su je su ƙwace bayan gida na haya da tashar mota su riƙa karɓar 'yan sulalla, wai ladan wahalarsu ke nan. Mun ga inda wannan tarbiyya ta kai ƙasa: a 2017 'yan ƙungiyar Delta Force suka fitar da jami'in tsaron da aka naɗa wa jihar Ashanti daga ofishinsa da ƙarfin tsiya, daga baya aka kutsa kotu a Kumasi aka kuɓutar da waɗanda ake tuhuma. Ranar 31 ga Janairu, 2019, aka yi harbe-harbe a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon, abin da ya sa majalisa ta kafa dokar haramta irin waɗannan ƙungiyoyi a wannan shekarar. Ba mu ce duk 'yan waɗannan ƙungiyoyi daga zango suke ba, ko kusa. Amma sunan wa ke ɓaci idan an yi? Wa ake yi wa kallon ɗan ta'adda a shingen 'yan sanda? A watan Yulin 2018 'yan sanda suka harbe matasa bakwai 'yan zangon Kumasi a yankin Manso Nkwanta suka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai samu hujjar hakan ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya ƙara wa wannan al'amari ɗaci shi ne tarihin kakin da ake sa mu layi dominsa. Rundunar da Kyaftin Glover ya kawo daga Ikko don yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 da sunan Hausawa aka san ta. Rundunar da aka kafa a Gwalkwas a 1879, wadda daga cikinta sojan ƙasar nan ya tsiro, ita ma da sunan Hausa ake kiran ta, kuma shekaru masu yawa da harshen Hausa ake magana a bariki. Ba mu kawo wannan don tinƙaho ba, domin yaƙin Bature suka yi, kuma akwai waɗanda har yau ke jin zafin sa. Mun kawo shi ne saboda jikan mutumin nan, wanda kakansa ya yi fareti a ƙasar nan tun ba a raɗa mata suna Ghana ba, shi ne yau idan ya rubuta Nima a gurbin garin asali sai a ɗago kai a dube shi a ce: a'a, ainihin garinku muke tambaya. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne, sashe na 17 kuma ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini. Amma a gaban teburin rajista suna kan rinjayi doka. A 2020 Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce, Ghana Card kuwa ya zama mabuɗin kusan kowace ƙofa, daga layin waya zuwa asusun banki zuwa neman aiki. Wanda aka yi wa ja-in-ja a kan kati, an fitar da shi daga gasar tun ba a busa usur ba. Dattawanmu da suka ga korar baƙi ta gwamnatin Busia a watan Nuwamban 1969, lokacin da aka ba mutane mako biyu su tattara, sun san wannan kallo, ba sai an fassara musu ba.

Za a ce mana: ai an yi muku ma'aikata sukutum. Haka ne. A 2017 aka kafa ma'aikatar raya zango da tsofaffin unguwannin birni, aka kafa asusun raya zango da doka, bayan an yi yaƙin zaɓe da alkawarin zuba masa dala miliyan 50. An gina azuzuwa a wasu wurare, an sa fitilun titi, an shimfiɗa filayen ƙwallo masu ciyawar roba. Ba mu raina ba, yaranmu na buga ƙwallo a kai. Amma a 2021, da aka shiga zango na biyu na mulki, ma'aikatar ta ɓace daga jerin ministoci ba tare da an zo an yi mana ko sallama ba. Ita kuma NDC ta zo da alkawarin asusun rance mai suna Soyayya, ta ɗauko kalmar daga bakinmu don ta yi mana daɗin kunne. Madalla da soyayya. Sai dai a al'adarmu mai so yakan zo da lefe, kuma dangin amarya kan buɗe akwati su ƙirga a gaban shaidu. Muna jiran ranar ƙirga: nawa aka saka, mata nawa suka karɓa, a wace unguwa, da wane sharaɗi.

Za a kuma ce mana muna da namu a sama. Alhaji Aliu Mahama ya yi mataimakin shugaban ƙasa shekara takwas, Dokta Bawumia ma takwas, a 2025 kuma aka ba ɗan majalisar Asawase, Muntaka Mubarak, ma'aikatar cikin gida, wadda 'yan sanda da shige da fice da kashe gobara da gidan yari ke ƙarƙashinta. Muna yi musu fatan alheri. Amma idan duk abin da muke nema shi ne namu ya hau don furotokol ya juyo ta wajenmu, to mun amince da tsarin ke nan, rabonmu kawai muke ƙorafi a kai. Tsarin ƙofar baya kuwa ko da wa ke riƙe da mabuɗi, 'yan tsiraru ne ke asara a cikinsa, domin gurbi goma da babba zai raba ba ya wuce 'ya'yan aminansa. Ɗan mai goro da ba shi da kowa, abin da zai cece shi shi ne jarrabawa ta gaskiya da sakamako a fili.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. 'Yan siyasa ba da tsani suke haurowa zango ba, ta ƙofa suke shigowa, kuma akwai masu buɗe musu. Muna girmama sarakunanmu da limamanmu, su ne rufin asirinmu. Amma girmamawa ba ta hana gaskiya. Sau nawa ɗan takara ya zo da buhunan shinkafa da sukari gab da azumi, da rago gab da layya, da kujerar Makka guda biyu, aka naɗa masa rawani aka ba shi sarautar da ba a taɓa jin ta ba, aka yi addu'a aka shafa, ya tafi ba wanda ya tambaye shi inda alkawarin shekara huɗu da suka wuce ya kwana? Sau nawa aka karɓi gurbi uku a asirce aka raba a cikin gida, aka ce wa sauran matasan unguwa su ƙara haƙuri? Wanda ya karɓi gurbi uku ya sayar da bakinsa, ba zai iya tsayawa ya nemi ɗari uku a fili ba. Su kuma samarinmu masu kafa majalisa da tutar jam'iyya, suna raɗa mata sunayen manyan biranen duniya, suna zaman jiran babban mutum ya zo ya sauke wani abu, su sani cewa shekarun da ake koyon sana'a a cikinsu ne ke tafiya a kan bencin nan.

Kakanninmu da suka kafa zangunan ƙasar nan ba takardar neman aiki ta kawo su ba. Fatake ne, suka bi hanyar Gwanja da jakuna, suka kawo kanwa da tufafi da fatu, suka koma da goro. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, suka bazu Karachi da Yeji da Kumasi da Ankara, kowa da sana'arsa: mahauci, maɗinki, dillali, malami, mai shanu. Har yau mafi yawan abin da ke ciyar da zango daga irin wannan hanya yake fitowa. A nan ne kuma munafuncin alkawarin aiki ya fi fitowa fili, domin gwamnatocin da ke shelar guraben da ba su wanzu ba su ne ke rusa waɗanda suke akwai. A watan Yulin 2021 aka tayar da 'yan albasa daga Agbogbloshie aka tura su Adjen Kotoku, can bayan gari nesa da masu saye, aka bi da katafila ta kan filin masu sana'ar gwangwan. Babu mai musun cewa wurin na da ƙazanta da hayaƙi mai cutarwa, gyara ya wajaba. Amma mutum nawa ke ci daga wannan fili, kuma a wane shafin jarida aka ƙirga ayyukan da suka mutu a ranar? Haka 'yan okada: dokar hanya ta 2012 ta haramta sana'ar, aka bar dubban matasa shekara da shekaru suna yin ta a tsorace, abincin ɗan sanda a kowace mahaɗa, aka kuma mayar da halatta ta abin yaƙin zaɓe a 2020, aka sake a 2024. Idan minista ya ce an samar da aiki kaza, ba ya cire waɗanda aka kashe. Ɗan kasuwar da ke rubuta ciniki ba ya rubuta asara, a zango sunansa mai karyayyen jari.

Waɗanda suka gaji da jira kuwa mun san inda suke nufa. 'Yan matanmu na tafiya aikatau ƙasashen Larabawa ta hannun dillalai, har cin zarafin da ake yi musu ya sa gwamnati ta dakatar da bizar aikin gida zuwa can a 2017, tafiyar kuwa ba ta tsaya ba, ta koma ta ɓarauniyar hanya inda babu mai bin sawu. Samari na bin Agadas su faɗa sahara su nufi Libiya. Kusan kowane zango na da gidan da aka yi zaman makoki babu gawa.

Mai kare gwamnati zai ce babu ƙasar da ke iya ɗaukar kowa aiki, baitulmali ba rijiya ba ce. Wannan gaskiya ce, mu ma ita muke so a faɗa, amma a faɗe ta kafin zaɓe, a kan dandamali, da bakin da ake faɗin miliyan. Wanda ya san albashi ya cinye kasafi, ya kuma hau mumbari ya yi alkawarin abin da ya san babu, ba kuskuren lissafi ya yi ba. Zai kuma ce laifinmu ne, ba mu yi boko ba. A da wannan magana na da ƙafa: iyayenmu sun guji makarantun mishan don tsoron addinin 'ya'yansu, kuma mun biya farashin haka. Amma tun 1987 akwai sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi, tun Satumban 2017 sakandare kyauta ce, kuma yau babu zangon da ba shi da masu digiri, maza da mata, suna zaune a gida ko suna tsaron rumfar tura kuɗi ta waya. An ce mu kawo takarda, mun kawo. Saura a nuna mana ma'aunin da ake auna ta.

Don haka ga abin da muke ganin ya dace mu riƙe, tun zaɓen 2028 bai ƙarato an fara rabon shinkafa ba. Duk hukumar da ta yi shelar ɗaukar aiki ta faɗi adadin guraben tun ranar farko, kafin kowa ya biya ko sisi, kuma kuɗin takarda ya tashi daga wuyan marar aiki. Idan ƙasa na bukatar soja, ƙasa ta biya kuɗin nemo shi. In an gama, a buga sunayen waɗanda aka ɗauka gunduma-gunduma tare da makinsu. Wannan ba alfarma ba ce: sashe na 35 na tsarin mulki ya ɗora wa gwamnati daidaita yankuna da jinsi wajen ɗaukar ma'aikata, kuma babu yadda za a san an daidaita in ba a ga jerin ba. Tun 2019 akwai dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikata ya nemi irin waɗannan alƙaluma. Muna da lauyoyi, muna da 'yan jarida, muna da ƙungiyoyin ɗalibai. Takarda guda da sa hannun ƙungiyoyin zango ashirin ta fi zaman majalisa na shekara.

Su kuma iyayenmu sarakuna da limamai, roƙonmu gare su ƙarami ne. Kowace fada ta ajiye littafi. Ɗan takarar da ya zo neman albarka, a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ruwa, a saurare shi. Idan ya ce aiki dubu, magatakarda ya tambaye shi: wane iri, a ina, albashi nawa, na wata nawa, daga wane kasafi, kuma wa zai riƙe wanda aka ɗauka idan gwamnati ta sauya? A rubuta amsar da kwanan wata, ya sa hannu, shaidu su sa. Idan ya dawo bayan shekara huɗu, kafin a kai ga rawani da addu'a, a ɗauko littafin a karanta masa shafinsa da Hausa da Turanci, a gaban samarin da aka yi alkawarin da sunansu.